Yayen Habu a Mabai

Ranar Babbar Sallah ta shekarar 1977, bayan azahar, ina tsugune a bayan ɗakin Iya a Mabai, hannuwana duka biyu cikin ƙwaryar kayan cikin rago, aka kawo ƙanena Habu yaye. Iya kakata ce, mahaifiyar Babanmu. Wankin hanjin layya aikinmu ne ni da ita kowace shekara, don ba ta yarda da wankin kowa a gidan ba, ni ma ba yarda ta yi da nawa ba, so take idona ya buɗe. Ita ke riƙe hanjin, ni in tsiyaya ruwan buta ta baki ɗaya, ta bi shi da yatsu biyu tana tatsa har ƙazantar ta fito ta ɗaya bakin. Tumbi kuwa sai an juye shi an kankare, an ɗauraye, an sake ɗaurayewa. Kafin a taɓa komai sai ta cire matsarmama daga jikin hanta a hankali ta wurga bayan danga, tana ja mini kunne cewa in ta fashe nama ya tashi daga aiki, ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci. Na tambaye ta, to abu mai ɗaci haka, me yake yi a cikin rago? Ta ce, "Ke dai zuba ruwa, tambayarki ta hi hanjin nan tsawo." Muna cikin haka muka ji ƙahon mota a bakin gari, yara suka kwasa da gudu suna ihu, ni ma na yar da butar ko hannu ban wanke ba.

Babanmu ne ya sauko daga gaban wata a-kori-kura, da agogo a hannu, da rediyo rataye a kafaɗa, Habu a ɗaya kafaɗar yana ta ƙyuya. Shekarun nan ne kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, samarin garinmu suka jingine garma da hauya suka bi aikin titi da na gini, wasu Funtua, wasu Kaduna. Babanmu ya dace, ya zama direban tifa a wani kamfanin titi a Kaduna, ya ɗauki Innarmu suka koma can. Ni ce 'yar fari, don haka tun daga yaye aka bar ni wurin Iya kamar yadda aka saba, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. Habu shi ne ɗan birni. Bai wuce shekara ɗaya da rabi ba, bai isa yaye ba, amma Inna ta sami ciki, mutanenmu kuwa sun yi imani nonon mai ciki yana lalata yaro, shi ya sa aka cire shi da wuri aka kawo shi inda ba zai ga uwarsa ba. Bayan an gaisa Babanmu ya sa aka shigar da wani ƙaton kwali ɗakin Iya. Ya buɗe, sai ga sukari mai ƙwaya, ga garin kwastad, ga biskit da ganyen shayi da lemon kwalba, da 'yan gwangwanayen madara a ƙasa. Ya ce, "Iya, ga abincinsa nan. Mu mun sha wuya da ƙanzo da gaya, ba na so shi ma ya sha. In ya ƙare zan aiko." Iya ta karɓi yaron ta ɗaga shi sama ta ce, "Maraba da angona! Kai hwa ka san darajar mata, da lehenka ka zo." Kowa ya yi dariya, har Babanmu da ba ya dariya a gaban uwarsa.

Ni ba da kwali aka yaye ni ba. Da abin da ke cikin rumbu da bayan gida Iya ta raine ni, kuma ba da wata dabara ba, abin da ke akwai ke nan. Da safe ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, ko kunun gyaɗa in an yi girbin gyaɗa. Da rana fura, in Fulanin da ke mashekari, wato zangon shanunsu, a gabas da gari sun kawo nono. Wake kuwa mun ci shi har mun gaji, a dafa shi da kanwa a barbaɗa yaji, ko a yi ɗanwake. Akwai zogale a jikin dangarmu da kowa ke tsinka a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ga rama, ga tafasa da damina, ga ɗinya da kanya da muke tsinta a hanyar kiwo. Ba wanda ya ɗauki waɗannan a bakin komai. Abincin talauci ne, wanda in baƙo ya shigo ana ci sai a rufe da faifai. Aikina a gidan bai wuce ɗebo ruwa a rijiya, da tsince tsakuwa a hatsi, da kora awaki bakin fadama, da kula da zabin Iya ba, in na sami sarari kuma in ruga dandali a yi 'yar carafke da gaɗa.

Iya ta ɗauki maganar ɗanta da nauyin amana. Kullum da sassafe sai ta dama kwastad ɗin nan rawaya, ta jefa ƙwayoyin sukari ba ƙidaya, ta fifita da ludayi, ta zaunar da Habu a cinya tana ba shi tana yi masa kirari. Da rana shayi da biskit jiƙaƙƙe, da yamma a sake kwastad ko farin koko tatacce mai sukari. Madarar gwangwani sau ɗaya ta huda, ta riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan don ta daɗe, gwangwanin ya kwana ya wuni a cikin zafi har ya lalace, yaro ya yi zawo. Daga ranar ta yanke hukunci madara ba ta karɓe shi ba, ta jera sauran a kan kwanukanta na jere suka zama ado. Shi kuma Habu da bakinsa ya saba da zaƙi, ko tuwo aka kai masa sai ya kau da kai ya tofar. Iya ta ce, "Ku ƙyale shi, cikin 'yan birni ba irin namu ba ne." Ni ce mai goyonsa, kuma wallahi na yi ƙyashi. Ga ni da tuwon jiya mai sanyi, ga ɗan sarki ana lallashinsa ya sha abin da ni lasar ludayinsa kawai nake samu. In Iya ta juya baya nakan zungure shi in ce, kai wane ne? Shi kuma ya kama kitsona ya ja, ya ƙyalƙyale da dariya. Duk wata Babanmu yana aiko da kwali ta hannun direbobi, bai taɓa fashi ba.

Kafin bazara ta shigo Habu ya fara abin da duk gari ya kira ƙiba. Kumatunsa suka cika, ƙafafunsa suka yi ɓul-ɓul suna sheƙi, cikinsa ya fito. Gashinsa ya yi laushi ya koma ja-ja, fatarsa ta yi haske. Matan unguwa in sun shigo ɗiban wuta sai su tsaya su ce, tubarkalla, Iya, wannan yaro ya karɓi hannunki, dubi har farin birni ya fito masa. Iya ta riƙa hura hanci. Ta aika wa Babanmu saƙon baki cewa ɗansa ya yi ƙiba har goyo yana gagarar yayarsa. Ni da ke goya shi na san wani abu ya canza, ko da yake ban san sunansa ba. Ya daina jan kitsona. Ya daina dariya. Yaron da ya zo yana tafiya dagwai-dagwai yana bin kaji, yanzu inda aka ajiye shi nan za a dawo a same shi, yana wani kuka siriri mai cin rai wanda ba hawaye. Zawo kuwa ya zo ya tafi, ya sake dawowa. Iya ta ce haƙori ne, rashin tafiyar kuma nauyin jiki ne, rashin dariyar kuma miskilancin masu kuɗi.

A lokacin ina aji biyu, cikin waɗanda aka kwasa lokacin da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa. Ajinmu rumfar kara ce, muna zama a ƙasa. Malaminmu wani saurayi ne daga wajen Faskari, Malam Isiyaku, mai son ya nuna abu a ido fiye da ya faɗa. Wata safiya a farkon damina ya shigo da kwano rufe, ya raba mana ɗan dafaffen rogo kowa ɗan guntu, ya ce a tauna kada a haɗiye sai ya ba da izini. Muka yi ta tauna muna kallon juna muna ƙunshe dariya, sai can muka ji abin ya ƙara zaƙi a baki. Ya ce to, aikin miyau ke nan, tun daga baki ake fara narka abinci, mai haɗiya ba tauna ya bar wa cikinsa aikin haƙora. Sannan ya buɗe kwanon, ashe kayan cikin akuya ne ya karɓo wurin mahauci. 'Yan mata suka toshe hanci, ni kuwa na gyara zama, don nan fagena ne. Ya nuna mana maƙogwaro, ya nuna tumbi, ya ce na akuya ɗaki-ɗaki ne saboda ciyawa, na mutum guda ɗaya ne, a nan abinci ke haɗuwa da wani ruwa mai tsami a dama shi ya koma kamar kunu. Ya sa yara biyu suka ja ƙaramin hanji daga wannan bakin rumfa zuwa wancan, ya tsaga gefe ya ce mu shafa cikinsa. Laushi ne da shi, lallausa. Ya ce a nan ne jiki ke tsotse amfanin abinci ya shiga jini, jini ya raba wa ƙashi nasa, tsoka nata, har gashin kai. Abin da ba a so ya wuce babban hanji, a tsotse ruwansa, saura a kai bayan gida. Na ɗaga hannu na yi masa tambayar da Iya ta hana ni amsarta. Ya ce ruwan matsarmama mai ɗacin nan shi ke taimaka wa hanji ya narka mai da kitse. Daga ƙarshe ya ce abinci ba ɗaya ba ne. Hatsi da rogo da sukari ƙarfin aiki suke bayarwa. Wake da gyaɗa da nono da nama da ƙwai su ke gina jiki. Ganye da 'ya'yan itace su ke tsare shi daga cuta. Hanji ba ya ƙirƙira, abin da aka ba shi shi yake miƙawa.

Na dawo gida da gudu da ilimina a ka. Na sami Iya tana tankaɗe, na ce mata Malam ya ce sukari ba ya gina jiki, a ba Habu wake. Ta ajiye rariyar ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ikon Allah! Ɗiyar da na wanke wa kashi jiya ita za ta koya mini renon ɗa. Mi malamin naku ya haihwa?" Malam Isiyaku kuwa ko aure bai yi ba. Ban ga laifinta ba a yau. Ta haifi bakwai, ta raini jikoki, kuma tana bin umarnin ɗanta mai agogo da ya ga duniya. Amma ba a yi nisa ba Habu ya ƙi ko da kwastad ɗin. Iya ta koma ɗura, irin wadda aka yi wa kowannenmu: ta kwantar da shi a ƙafafunta, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta zuba koko, ta toshe masa hanci har ya haɗiya. Yana shaƙewa, yana amayarwa, abin da ya shiga kuma ya fita ta ƙasa yadda ya shiga. Fatar cinyoyinsa ta fara saɓulewa tana barin gyambo. Ana cikin haka wata tsohuwar ƙawar Iya ta zo, Gwaggo Kande, Bamagujiya ce daga wata unguwa a hanyar Yargoje, tun suna 'yan mata suke musayar iri da kaji. Ta ɗauki Habu ta juya shi, ta daɗe tana kallon ƙafafunsa, fara'arta ta ɗauke. Ta ce, "Ke, tashi ki kai ɗan nan Ƙanƙara. Haka jikana ya yi irin wannan ƙiba bara. Muna ta murna har muka rufe shi." Iya ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fara haɗa kayan tafiya.

Washegari muka shiga motar kasuwa, ni da Iya da ƙanen Babanmu da muke kira Baffa. A asibitin Ƙanƙara muka sami wata nas, mace mai jiki, ba Bahaushiya ba ce amma Hausarta ta nuna. Ta karɓi Habu ta kwantar, ta sa babban yatsanta a bayan ƙafarsa ta danna, ta ɗaga. Rami ya zauna a wurin, bai taso ba. Ta ce, "Iya, kin gani? Wannan ruwa ne, ba tsoka ba." Ta tambaya me yake ci. Iya ta fara lissafi da ƙarfinta, kwastad, sukari, biskit, lemon kwalba, duk daga Kaduna, amma kafin ta kai ƙarshe muryarta ta yi ƙasa, don ta ga fuskar matar. Na zaci za a yi mata faɗa a gaban mutane, na riga na fara jin haushi a madadinta. Nas ɗin ba ta yi ba. Ta jawo benci ta zauna kusa da ita, ta ce ta ga irin wannan da yawa tun da kayan gwangwani suka cika kasuwa, kuma ba a gidajen da aka ƙi yara take gani ba. Ta ce jinin yaro in ya rasa abincin da ke gina jiki ba ya iya riƙe ruwansa, sai ruwan ya tsiyaye cikin fata, shi ne kumburin. Sannan ta tambaya me ake nomawa a gida. Iya ta ce ba komai, dawa ce da gero, sai ɗan wake da gyaɗa, sai zogale a danga, sai awaki da zabi. Matar ta tafa hannu ta ce, "Haba Iya! Maganinsa duk yana gidanki." Baffa da ke tsaye a bakin ƙofa ya girgiza kai ya ce, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Nan take Iya ta ce wa Baffa ya koma ya yanka babban zakara a dafa a kawo, yau sai yaro ya ci nama ya ƙoshi. Nas ta riƙe hannunta. Ta ce a'a, a nan ne mutane ke yin kuskure na biyu. Hanjin da ya daɗe bai sami abin gina jiki ba shi ma ramewa yake, ya yi siriri, ya rasa ƙarfin narkawa da tsotsa, shi ya sa zawon ya ƙi tsayawa. In aka ɗora masa kaya mai nauyi lokaci guda zai kayar, yaron ma yana iya tafiya. Kaɗan-kaɗan za a ba shi, sau da yawa, da cokali, har hanjin ya farfaɗo. Ɗura kuwa ta ce a bar ta har abada, don abinci na iya ɓata hanya ya shiga huhu. Aka ba su gado, suka yi kwanaki ana ba shi wata madara da ake haɗawa a can, da maganin tsutsar ciki da na gyambo. Ni aka komo da ni gida saboda zabi da awaki. Ban taɓa jin ɗakin Iya ya yi mini faɗi ba sai a kwanakin nan, na yi kuka har na gode Allah, ina tuna duk zungurin da na yi masa.

Da suka dawo Iya ta zama wata mace daban. Ta jiƙa wake ta surfe ɓawon ta shanya, ta niƙa a dutse ta haɗa da garin gero. Ta soya gyaɗa ta daka har ta yi mai. Ta busar da zogale a inuwa ta mayar da shi gari tana barbaɗawa a kunu. Ta sa Baffa ya ɗaure akuya mai shayarwa a tsakar gida, a tatsa a tafasa. Ta daina zuwa biki da suna, ta zauna da cokali a hannu tana lallashi, in ya karɓi biyu ya kau da kai sai ta haƙura, an jima ta dawo. Abu ɗaya ne daga cikin umarnin nas ta kasa, shi ne ƙwai. A garinmu yaro ba ya cin ƙwai. An ce wanda ya saba da shi yana ƙarami zai girma da ɗauke-ɗauke, daga ƙwan kaza ya kai ga kazar, daga kaza ya kai ga akuyar mutane. Iya ta yarda da wannan kamar yadda ta yarda da sunanta. Ga shi damina ta yi tsaka, zabinta suna ta zuba ƙwai a cikin ciyawa, ni nake bin sawunsu in gano sheƙa, in kwaso da dogon ludayi don kada su ji warin hannu su ƙaura. Sai dai a tara a ƙwarya a kai kasuwa. Habu kuwa zawon ya ragu, amma jikin ya tsaya cak, yau da sauƙi, gobe a koma baya.

Wata hantsi ya sake ƙin kunu gaba ɗaya, ya kwanta lamo, ko kukan ma ba ya yi. Iya ta daɗe zaune tana kallonsa. Can ta ce, "Ɗauko mini ƙwan zabin nan guda biyu." Na ɗauka kasuwa za a aike ni. Sai na ga ta ɗora tukunya ta dafa, ta ɓare, ta ciro gwaiduwar ta murje da ɗan man gyaɗa da ruwan kunu har ta yi laushi. Matan gida da wata maƙwabciya da ta shigo aron turmi suka tsaya cirko-cirko. Maƙwabciyar ta ce, "Iya, ƙwai hwa? Ɗan mutane ne, amana ne." Iya ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani. Gara a kira ni kakar ɓarawo da a zo mini gaisuwar mutuwa." Ta shafa masa a leɓe da yatsa. Ya lasa, ya tsaya, ya sake lasa, sannan ya buɗe baki. Hawaye suna bin kumatunta tana cewa, "Ci, angona, ci. In ka yi satar ni zan biya."

Daga nan aka shiga wata jarrabawar. Kumburin ya fara sauka, kuma da ya sauka sai ga ainihin Habu ya bayyana, ƙashi da fata, haƙarƙari a waje, wuya siriri. Waɗanda suka yi tubarkalla a da suka koma tsegumi, wai asibiti ta tsotse ɗan mutane, wai Iya ta hana shi kayan ubansa tana ba shi abincin awaki. Nas ta riga ta gaya mata haka za a yi, don haka ta toshe kunne, ko da yake na sha ganinta tana auna damtsensa da yatsu tana ajiyar zuciya. A hankali gyambon ya rufe. Baƙin gashi ya fara tsirowa a ƙarƙashin jan. Ya fara kuka mai ƙarfi na neman abinci, kukan da ya fi mana kiɗan biki daɗi. Lokacin da gero ya fara nuna, ina zaune a tsakar gida ina cin ƙuli-ƙuli, sai na ji an fizge shi daga hannuna. Na juya, ga Habu a tsaye da ƙafafunsa, yana tangaɗi, ya cusa shi a baki yana dariya. Iya ta saki guɗa ta ce, "To ga shi nan, satar ta hwara!" Ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa, dariyar ta koma kuka.

Babanmu bai zo ba sai da kaka, aiki ya kai su nesa, kuma saƙon da Baffa ya aika masa bai wuce cewa yaro ya yi ɗan ciwo ya warke ba. Ya shigo da fara'arsa yana neman ƙaton ɗan da aka ba shi labari, sai ga wani siririn yaro ya leƙo daga bayan zanen Iya. Fuskarsa ta canza. Bai iya ɗaga murya ga uwarsa ba, amma ya ce, "Iya, an ce mini ya yi ƙiba. Ko kayan ba sa isowa ne?" Iya ta ce ya shigo ɗaki. Ni ina bakin ƙofa da Habu a hannu, ba wanda ya kore ni. Ta ba shi labari tun daga farko, ba ta rage komai ba, ba ta kuma ambaci cewa shi ya kawo kayan ba, ko sau ɗaya. Ta ce, "Kai na raina da wake da ƙanzo, ga ka nan kana juya motar da ta hi ɗakin nan. Ɗanka kuwa, ni da na so in yi mishi gata, na kusa kashe shi da hannuna. Ka yahe mini." Ban taɓa jin uwa ta roƙi ɗanta gafara ba, kafin ranar ko bayanta. Babanmu ya zame daga kan kujera ya durƙusa a ƙasa, ya cire hula, ya kama ƙafarta. Da ƙyar ya ce, "Ni ne, Iya. Ni ne na ji kunyar abin da ya raine ni." Habu ya zame daga hannuna ya taka ya je ya tsaya a tsakaninsu, yana kallon wannan yana kallon wancan, da guntun ɗanwake a hannunsa.

Habu yana nan da ransa, ya yi furfura, yana da jikoki, kuma har yau allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Iya ta rasu ina gab da aure, Allah ya jiƙanta. Ni ma yanzu ana kawo mini jikoki yaye, kuma da kaya ake kawo su, sai dai kayan yanzu sun fi na da ƙyalli, taliyar leda da lemon roba da abubuwa masu zaƙi da ban san sunansu ba. Iyayensu sun yi karatu, sun san hanji da jini a takarda fiye da ni, amma ina ganin a idonsu irin son nan da na gani a idon Babanmu, na kada ɗana ya sha wuyar da na sha. Ba na yi musu faɗa. Ina karɓa in yi godiya, in sun tafi in jiƙa wake. Mabai kuwa ba na zuwa yadda nake so, hanyoyin da muke bi da ƙafa muna yara yanzu sai an yi tambaya kafin a bi su, fadamar da nake neman sheƙar zabi ban san halin da take ciki ba. Wani lokaci ina zaune da cokali a hannu ina lallashin wani ɗan miskili, sai in ji muryarta ta fito daga bakina, da kirarin da komai, in rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ba mu fi ta son yara ba, mun dai sami wanda ya gaya mana da wuri.